An ce leɓɓana sun zarce layi, a cire haƙora huɗu: wa ya ja layin?

"Assalamu alaikum Likita. Ni mace ce mai shekara 26, ina zaune a Gyaɗi-Gyaɗi, Kano. Haƙorana na gaba sun ɗan yi waje, sama da ƙasa, shi ya sa na je neman a sa min wayar haƙori. Likitan farko ya ɗauki hoton ƙashin kaina ta gefe, ya ja wasu layuka a kwamfuta, ya ce leɓɓana sun zarce inda ya kamata da milimita 6, sai an cire haƙora huɗu an mayar da na gaba baya. Na biyu kuma ya ce fuskata irin ta mutanenmu ce, ba sai an cire komai ba. Wane irin awo ne wannan, kuma maganar wa zan bi? Ina tsoron a cire min lafiyayyun haƙora, ina kuma tsoron in kashe kuɗi bakina bai canja ba."

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. In na fahimce ki, tambayoyi biyu kika haɗa: daga ina aka samo ma'aunin da aka ce kin zarce, sannan zarce shi ɗin ya isa dalilin cire haƙori ko bai isa ba. Zan fara da ba ki amsar a dunƙule. Mai yiwuwa ne duka likitocin biyu gaskiya suka gaya miki. Na farko ya karanta miki abin da awo ya nuna, na biyu ya gaya miki awon su waye. Milimita 6 ɗin nan ita kaɗai ba ta isa a taɓa miki haƙori ko ɗaya ba, amma kuma cewa fuskarki irin tamu ce bai rufe maganar cirewa ba. Akwai abin da ke raba gardamar, kuma ba a hoton ƙashi yake ba.

Inda layin ya samo asali

Hoton da aka ɗauke ki, na gefen kai wanda ke nuna ƙashi da haƙora da inuwar naman fuska a tare, an fara amfani da shi ne a 1931, lokacin da Broadbent a Amurka da Hofrath a Jamus kowa ya fito da nasa tsarin. Da aka samu hoto sai aka shiga neman abin da za a kira "daidai". A 1948 William Downs ya fitar da lissafinsa, wanda har yau ake koyar da shi, kuma ya gina shi ne a kan matasa 20 kacal, dukkansu fararen fata 'yan Amurka masu kyakkyawan jerin haƙora. Steiner ya biyo baya a 1953, sai Ricketts, sai Holdaway a 1983. Kowannensu fuskokin da ke shigowa asibitinsa ya auna, da fuskokin da al'ummarsa ke gani a matsayin kyawawa.

Ina kyautata zaton layin da aka ja miki na Ricketts ne, don shi ya fi yawo a manhajojin da muke aiki da su. Ana jan sa daga tsinin hanci zuwa tsinin haɓa. A ƙa'idarsa, leɓen sama na baligi ya kamata ya kasance bayan layin da kusan milimita 4, na ƙasa kuma da kusan milimita 2. To kin ga idan leɓenki na ƙasa ya wuce layin da milimita 4, kwamfuta za ta rubuta cewa kin zarce da 6, ta sa masa jan launi. Kwamfutar ba ta san Kano ba. Abin da aka loda mata take maimaitawa.

Yanzu ki lura da wani abu game da layin kansa. Ƙarshensa ɗaya a kan hanci yake, ɗayan a kan haɓa. Bature mai dogon hanci da haɓa mai tsini, layinsa can gaba yake tsayawa, leɓɓansa kuma sirara ne, dole su kwanta a baya. Mu kuwa yawancinmu hancinmu bai turo gaba kamar nasu ba, haɓarmu ba ta da wannan tsinin, leɓɓanmu kuma sun fi kauri. Saboda haka layin ne ya matso baya ya same mu, ko da haƙoranmu na zaune lafiya. Na sha ganin mutum biyu masu jerin haƙora kusan iri ɗaya, ɗaya ya "ci" awon ɗaya ya "faɗi", bambancinsu kawai tsawon hanci.

Malamanmu sun daɗe da gane wannan. Tun shekarun 1980 Farfesa Isiekwe a Legas ya yi ta auna 'yan Najeriya, ya nuna cewa haƙoranmu na gaba, sama da ƙasa, sun fi na Turawa karkata zuwa waje. A littattafan Turawa kusurwar da ke tsakanin haƙorin gaba na sama da na ƙasa tana kaiwa wajen digiri 130, a wajenmu kuwa ta fi haka tsukewa sosai. Binciken da aka yi daga baya a kan matasa baligai a Legas ɗin ya tabbatar da cewa leɓɓanmu suna gaban inda Ricketts da Steiner da Holdaway suka ajiye su. Haka ma kusurwar da ke tsakanin ƙasan hanci da leɓen sama: littafi na cewa digiri 90 zuwa 110, namu kuma sau da yawa ƙasa da 90 take ba tare da wata matsala ba. A Kanada ma Leslie Farkas ya auna fuskokin al'ummomi daban-daban da hannu, ya gano cewa tsofaffin ƙa'idojin masu zane na Turai, irin su faɗin hanci ya yi daidai da tazarar da ke tsakanin idanu, ba sa hawa kan fuskar Afirka, kai ko su Turawan ba kowa suke hawa ba.

Sai dai a nan ne nake ɗan rabuwa da wasu abokan aikina. Sukan ajiye lissafin Turawa su ɗauko "lissafin ɗan Najeriya" su riƙe shi kamar an saukar da shi. Alhali mafi yawan awon nan a Kudu aka yi shi. Ki tsaya awa ɗaya a bakin Kantin Kwari ki dubi fuskokin da ke wucewa: Bahaushe, Bafulatani, Babarbare, Buzu, jikokin Larabawan da suka zauna a Dandalin Turawa tun zamanin fatauci ta Sahara, da 'ya'yan auratayyar duk waɗannan. A gida ɗaya za ki samu mai dogon karan hanci da siraran leɓɓa, ƙanwarta kuma akasin haka. Masana ilimin sassan jikin ɗan Adam a Jami'ar Bayero sun yi aikin auna fuskokin Hausawan Kano, kuma irin wannan aiki shi muke bukata ya yawaita. Amma ko an tara lissafin Kano zalla, matsakaici ne zai bayar. Tela ba ya yanka wa kowa yadi da awon mutum ɗaya.

Abin da nake dubawa kafin in duba hoton

Idan mai irin larurarki ta zauna a gabana, ba na fara buɗe kwamfuta. Hira nake ja da ita, ina satar kallon bakinta lokacin da ta manta da shi. Abin da nake nema shi ne yadda leɓɓanta ke zama idan ta saki jiki. In suna haɗuwa da kansu, ko tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce milimita 2 zuwa 3 ba, to ko sun zarce layin Ricketts, wannan siffa ce, ba cuta ba. In kuwa baki a buɗe yake zama, haƙora a waje, sai ta yi da gaske take rufe shi, kuma idan ta rufe fatar haɓarta ta tattare ta yi ƙananan ramuka kamar bayan lemo, to haƙoran sun fi ƙarfin leɓɓan. Wannan shi ne alamar da ta fi kowace lamba nauyi a wajena. Za ki iya gwadawa da kanki: ki ce "mmm" a hankali, ki haɗiye yawu, ki saki fuska, wani ya ɗauke ki hoto ba tare da kin shirya ba.

Daga nan sai in duba yawan haƙorin sama da ke leƙowa idan baki na hutawa. Milimita 2 zuwa 4 abu ne mai kyau ga mace mai shekarunki. Sai murmushi: dasashi nawa ke bayyana. Sai in raba fuska uku daga gaba, daga matsirar gashi zuwa tsakanin gira, daga nan zuwa ƙasan hanci, daga nan zuwa ƙarshen haɓa, in ga ko kason ƙasa ya yi tsawo fiye da kima. Wannan na da muhimmanci domin mai doguwar fuska ta ƙasa bakinta na iya ƙin rufuwa ba don haƙora sun yi waje ba, sai don muƙamuƙi ya sauka, ko leɓen sama gajere ne. Irin wannan ko an cire haƙora huɗu, bakin ba lallai ya rufu yadda ake so ba. Sai kaurin leɓe, wanda zan dawo kansa. Sai dasashin haƙoran ƙasa na gaba: in siriri ne har ana ganin shatin saiwa, ko ya fara janyewa, to haƙoran sun kai bakin iyakar ƙashin da ke riƙe da su.

Hoton fuska ma yana da ladubbansa, kuma a nan garin muna da namu ƙananan matsaloli. Dole a ga goshi da kunne, don da su ake daidaita zaman kai, saboda haka mata kan ɗan ja hijabi ko mayafi baya, kuma kina da damar neman mace ta ɗauke ki. Maza masu gemu kuwa haɓarsu ba ta ganuwa a hoto, sai an shafa da hannu an haɗa da hoton ƙashi. Ana tsayar da mutum ya kalli idonsa a madubi daga nesa, don ɗaga kai ko sunkuyar da shi kaɗan yana canja yadda haɓa da leɓe ke fitowa. Sannan ina roƙonki kada ki yanke wa fuskarki hukunci da hoton da kika ɗauki kanki da waya. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2018 ya nuna cewa hoton da aka ɗauka daga tazarar santimita 30 yana ƙara wa hanci girma da kusan kashi 30 cikin 100 in aka kwatanta da wanda aka ɗauka daga mita ɗaya da rabi. Duk abin da ke tsakiyar fuska haka yake kumbura. 'Yan mata da yawa da ke zuwa wajena da kukan baki ya yi tsini, waya ce ta fara gaya musu.

Akwai kuma tambayar me ya tura haƙoran. Wani gado ne kawai. Wani tsotsar yatsa ce ta yarinta. Wani harshe ne ke tokare haƙora duk haɗiyar yawu, wani kuma hanci ne a toshe shekara da shekaru yana numfashi ta baki. A Kano ba na mantawa da tambayar sikila, domin cutar kan sa ƙashin muƙamuƙin sama ya faɗaɗa ya turo haƙora gaba, kuma tana canja yadda ake shirin cire haƙori. In ba a gano musabbabin ba, sai a sha wahalar shekara biyu, a cire waya, harshe ya mayar da haƙoran inda ya same su.

A cire ko a bari

Gardamar nan ta girme mu duka. Edward Angle, wanda ya raba yanayin haɗuwar haƙoran sama da na ƙasa gida uku a 1899, ya tsaya kai da fata cewa kada a cire ko ɗaya. Ɗalibinsa Charles Tweed ya bi shi shekaru, ya ga fuskoki sun cika sun yi tsini, haƙora kuma suna komawa gidan jiya, sai ya sake yi wa marasa lafiyarsa aiki da cire haƙora huɗu, ya nuna sakamakon a wajen 1940. Tun daga lokacin ake kai-kawo tsakanin ra'ayoyin biyu.

Haƙoran da ake cirewa yawanci su ne na bayan fiƙa kai tsaye, ƙananan turame na farko, biyu sama biyu ƙasa. Kowanne faɗinsa wajen milimita 7 ne. Wannan fili ba duka yake tafiya wajen mayar da haƙoran gaba baya ba. In akwai cunkoso, wani ɓangare zai tafi wajen jera su. Turamen baya ma kan ɗan gangaro gaba su ci wani ɓangare, sai fa in an kafa ƙananan kusoshi a ƙashi don riƙe su. Abin da ya rage shi ne ribar.

Ga inda tsoronki na biyu yake da tushe. Leɓe ba ya bin haƙori taku da taku. In haƙori ya koma da milimita 4, leɓen sama kan koma wajen 2, wani lokacin ma ƙasa da haka, kuma leɓe mai kauri ya fi taurin kai, don yana da naman da zai riƙe kansa. Na ƙasa ya fi bin umarni. Saboda haka in abin da ke damunki kaurin leɓɓanki ne, waya ba ta rage nama, kuma duk wanda ya yi miki alƙawarin adadin milimitar da leɓenki zai koma, ya faɗi abin da ilimin bai kai ba. Hoton "bayan aiki" da kwamfuta ke zanawa ƙiyasi ne. Amma in matsalar rashin rufuwar baki ce, to a nan cirewa ke yin aikin da ba abin da ke yin irinsa: baki ya rufu ba ƙoƙari, haɓa ta saki ta fito, dasashin gaba ya daina bushewa. Na ga waɗanda aka yi wa haka suka ce sai yanzu suka san ana barci baki a rufe.

Ɗaya gefen kuma, fuska ba ta tsayawa a shekara 26. Da tafiyar shekaru leɓɓa kan sirance, na sama ya ƙara sauka ya rufe haƙora, hanci ya ƙara fitowa. Wadda aka janye wa haƙora sosai don a cika lissafin littafi, a shekara 50 bakinta kan shige ciki ta yi kamar ta girmi shekarunta. Cikar leɓen da wasu ke kuka da ita yau jari ce ta gaba. Haƙorin da aka cire kuwa, bakin alƙalami ya bushe.

Tsakanin cire huɗu da barin komai akwai matsakaiciyar hanya. In akwai tazara tsakanin haƙoranki, rufe ta kaɗai na iya mayar da su baya. Ana kuma goge gefen haƙora kaɗan, abin da bai wuce rabin milimita ba a kowace mahaɗa, a samu 'yar sarari. Amma ki sani, jera cunkusassun haƙora ba tare da samar da fili ba yana ƙara tura su gaba ne, don haka "ba sai an cire ba" ba kullum yake nufin baki zai koma ba. In kuma ƙashin muƙamuƙin ne da kansa ya yi gaba ko ya yi baya sosai, maganar ta koma ta tiyata tare da likitocin muƙamuƙi da fuska, irin waɗanda ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Tun da na ambaci tazara, bari in ba ki labarin kuskurena. A farkon aikina wata budurwa ta zo gyaran haƙoran ƙasa, na zauna na tsara mata aiki har da rufe wushiryarta, don a littafin da na karanta aibi ce. Da na yi bayani, mahaifiyarta ta dube ni ta ce, "Likita, wannan ai gadon gidanmu ce, ita ake yabo." Na ji kunya ƙwarai. Ni da na tashi ina jin ana koɗa mai wushirya, karatu ya sa na manta. Tun ranar nake fara tambayar mutum abin da yake so a taɓa da abin da yake so a bar masa, kafin in ja layi ko ɗaya.

Abin da za ki koma da shi

Ban ga fuskarki ba, ban ga hoton ba, don haka ba zan ce miki cire ko kar ki cire ba. Amma ki koma wajen kowannensu da tambayoyi. Ki tambayi na farko da lissafin su wa ya kwatanta ki, kuma ban da milimita 6 ɗin, me ya gani a leɓɓanki da dasashinki da ya sa ya zaɓi cirewa. In ya nuna miki rashin rufuwar baki da tattarewar haɓa da cunkoso, maganarsa tana da ƙarfi. In lambar kawai ya sake nuna miki, ki dakata. Na biyu kuma ki tambaye shi, in ba a cire ba, ina haƙoran gaba za su tsaya a ƙarshe, kuma me zai canja daga abin da ya kawo ki. In amsar ita ce jeri zai gyaru amma fitowar baki tana nan, sai ki auna ko hakan ya ishe ki. Ki tabbatar kuma wanda zai yi aikin ƙwararren mai gyaran jerin haƙora ne, ba kowane likitan haƙori ba, balle masu manna wayar ado a shaguna.

Kowace hanya kika bi, ki shirya wa shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, in an cire haƙora ma yakan zarce haka, da zuwa asibiti duk sati huɗu zuwa shida. Rake da aya da goro da yagar kilishi da haƙoran gaba sai an haƙura, asuwaki kuma ba ya shiga ƙarƙashin waya, sai kin haɗa da buroshi. Bayan an cire wayar akwai abin riƙe haƙora da za ki riƙa sawa da dare na tsawon shekaru, ki sa kuɗinsa cikin lissafi tun yanzu. Ki karɓi kwafin hoton ƙashin da aka riga aka ɗauka ki tafi da shi duk inda za ki, ba sai an sake haska ki ba, kuma in kina da juna biyu ko kina zaton haka, ki faɗa kafin a ɗauki wani sabo.